Rana a Cikin Daro

Ya ke fitilar ɗakina, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da nake sha ban taɓa cewa madalla ba, uwar 'ya'yana!

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki, a shekarar na fara ganinki. Ranar Talata ce. Mutanen layinmu sun cika daro da ruwa suna leƙawa, don an ce duk wanda ya dubi rana kai tsaye zai makance. Na bar teburina na gyaran agogo, ni ma na leƙa. Ban ga rana ba. Ke na gani, fuskarki tana rawa a kan ruwa, ɗan kunnenki na hagu ya faɗi ba ki sani ba. Yau shekara arba'in da shida ke nan da wata huɗu.

Ki yi haƙuri da rubutun nan mai kama da sawun kaza. Ke kika koya mini shi a bayan kalanda, laifin malama ne. Bakina kuwa kin san shi, ya fi ƙofar shagona wuyar buɗewa.

Wata uku ke da autarmu kuna fama da ni in je asibitin da take aiki, inda ake neman manya don bincike a kan ƙwaƙwalwa. Na ce ni ke buɗe bayan agogo, ba a haifi mai buɗe kaina ba. Kika ce in bari a leƙa, ko a huta da gardamar dutse ne a ciki ko ƙarfe. Don ke na je. Aka cire mini zobe da makullai, aka tura ni cikin na'urar nan mai kama da bututu, tana ƙara kamar maƙera goma. Abin da ya zaunar da ni, na san agogona yana hannunki a bakin ƙofa.

Likitar da ta duba ni ta ce an nuna wa kwamfuta hotunan ƙwaƙwalwar mutane masu yawa har ta koyi rarrabewa, yadda kunnena ya koyi gane ciwon agogo daga bugunsa. Wai tawa ta yi kama da ta masu galahanga, wato masu wuyar cuɗanya da mutane. Galahanga, ni? Saura kaɗan in ɗauki hulata! Ta ce ba hauka ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ƙira ce daban. Ta kuma ce na'ura ba ta yanke hukunci ita kaɗai, sai an tambayi wanda ya daɗe da sanina. Wa ya kai ki?

Kika yi ta ba ta labari kina dariya: kujera ɗaya, kofi ɗaya, shayi ƙarfe bakwai ba ƙari ba ragi. Sai ta tambaya ko ina kallon idonki. Dariyar ta ɗauke. Kika gyara bakin mayafi, kika ce ban taɓa ba, kuma tuni kin haƙura, kin ɗauka fuskarki ce ba ta yi mini ba.

Wayyo, farin watana! Shekara arba'in da shida kina ɗauke da wannan, kina yi mini shayi a kansa? Ke da kike yanke 'yar takardar wuyan rigata don tana ci mini fata. Ke da kike rage rediyo da kin ji takuna. Ranar bikin babbar 'yarmu, da hayaniya ta kore ni na ɓuya a shago, ke kika tare dangi kika ce kaina ke ciwo. Ba ki san sunan abin ba, ba ki da hoto, ba ki da kwamfuta, kuma kina zaton ba a son ki. Da wane baki zan gode miki? Na gode wa likita, na gode wa na'urarta mai ƙara, amma ke kika riga su karanta ni.

Ki ji gaskiyar yau. Ido a wurina rana ne, zafi yake yi mini, naki kuma ya fi na kowa haske. Shi ya sa idona ya zauna a kan hannuwanki. Na san tabon wuƙa a babban yatsanki, na san ranar da kika samo shi. Na san tarinki a cikin tarin mata ɗari. Ban taɓa ƙosawa da fuskarki ba, ta yi mini yawa ne, tun ranar Talatar nan. Ba ni da wata sai ke, ba zan kuma yi ba.

Gobe da safe, kafin shayi, zan cika daronki na wanki da ruwa in ajiye a ƙofar ɗaki. Ki zo ki tsaya kusa da ni, ki leƙa. A can zan kalli idonki har ki gaji. Daga nan zan ɗago kai, in gwada na gaskiyar, ko da na ƙirga uku ne. In shayin ya wuce bakwai, ya wuce.

Naki har agogon ƙirjina ya tsaya,
tsohonki mai taurin kai.