Baba Ya Taka Zuwa Masallaci

Zuwa ga Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri a can Fatakwal. Mu nan Ƙofar Rini sai godiya.

Yaya, kwantar da hankalinka, Baba ya koma tafiya. Ka san tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki likita ya ce in bai riƙa takawa kullum ba ƙafar za ta sandare. Muka ɗora wa ɗanka Sa'ad aikin, tunda ya gama jami'a yana zaune. Kai, wannan yaro! Jan Baba yake yi kamar akuyar da za a kai kasuwa, ido na kan waya, yana tsaki. Baba ya yi fushi ya ce shi da tafiya har abada. Na yi faɗa, na yi kuka, a banza.

Ana cikin haka abokan Sa'ad suka ja shi gudun safe da samari ke yi a filin wasa, wai ya rage tumbi. Ashe gogan naka, duk cika bakin nan, shi ne na ƙarshe kullum. Su kuwa al'adarsu, wanda ya gama ba ya zama, sai ya koma ya taho da na baya. Wani mahauci, Ɗayyabu, shi ke komawa wurinsa. Sa'ad ya ce mini mutumin bai taɓa ce masa yi sauri ba, ba ya ma shiga gabansa, yana ɗan bayansa ne, in ya tsaya haki shi ma ya tsaya. Ya ce ranar da ƙirjinsa ya ɗauki zafi, ƙafa ta ƙi bin umarninsa ga mutane na kallo, Baba ne ya faɗo masa a rai, kunya ta kama shi. Gaskiyar masu magana, jiki magayi.

Da kansa ya je ya durƙusa ya ba Baba haƙuri. Yanzu waya na ɗaki, shi yana ɗan bayan Baba, hannu kusa da kafaɗarsa, ba ya riƙe shi sai ya nema. Jiya Juma'a suka taka har masallacin unguwa suka dawo. Ina leƙe daga zaure har suka shigo gida. Na ji sanyi a raina ƙwarai.

Baba ya ce in gaya maka, in ka zo Sallah kada ka shigo ɗakinsa gaisuwa. Ka tsaya a ƙofar gida ka yi sallama, shi zai fito ya tarbe ka.

Ka gaishe mini da Sadiyatu da su Lubna. Inna Rahma tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi