Libarbar Abu Shakir

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Abu Shakir ya dire mini libarbarsa a kan tebur yau, a naɗe cikin ƙyalle, ko zama bai yi ba. Magnum ce mai cin harsashi shida, kuma duk bindigogin nadin nan, wato kulob ɗin harbi, babu wadda yake ji da ita kamarta. Ya ce da harsashin kamfani tana tara harbi wuri guda, amma da namu, wanda nake zubawa da dalma a ɗakin baya, sai ta warwatsa kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Ya muhandis, gasa ƙarshen wata mai zuwa ce. Na riga na faɗa wa kowa da harsashin gidana zan yi harbi. Fi mushkila?"

Muhandis yake ce mini, wato injiniya. Na ce babu mushkila. To me zan ce? Shi ne mai wurin wasan harbin, shi ne kafilina da ya tsaya mini a ƙasar nan, kuma saboda ni ya yi ta zirga-zirga har ya samo lasisin ɗakin zubin nan. Iƙamata, takardar izinin zamana, a Nuwamba za ta ƙare. Ya ambaci hakan a bakin ƙofa, yana dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na gwada ta da kaina, na ɗora hannu a kan buhun yashi. Gaskiyarsa ne. Wani a sama, wani a ƙasa, ɗaya ma bai taɓa takardar ba. Na haska cikin bututun, sai ga dalma ta yi masa shafe tun daga gindi. Na wuni ina kankarewa.

Cikina na murɗawa tun safe. Shinkafar kabsar jiya ce, ina jin.

Lahadi, 8 ga Satumba

Dalmar ta yi laushi, na ce. Na ƙara mata kuza, na sake zubi. Banza.

Talata, 10 ga Satumba

To ko ta yi tauri? Na koma baya. Banza.

Fankar da ke zuƙe hayaƙi a ɗakin zubi har yau ba a gyara ba, tun kafin Babbar Salla. Idan na buɗe ƙofa zafin waje ya shigo ya kashe sanyin ɗakin, maiƙon da nake shafa wa harsasai ya narke ya dalale. Sai na rufe. Aiki ne a gabana, ba ni da lokacin bin mudir, manajan wurin, a kan fanka.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na yi wa Hanan tsawa yau. Yarinya 'yar shekara huɗu, laifinta kawai ta ce "Baba, shuf, shuf!" tana nuna mini zanen da ta yi. Ta tsaya tana kallona, sannan ta tafi bayan uwarta ta ɓuya.

Sai bayan la'asar matata Rekiya ta yi mini magana. "Abban Hanan, wannan ba kai ba ne." Ta ce na rame, ta ce na daina cin abinci. Na ce mata ta bar aikin jinyarta a asibiti, nan gida ne. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Kaina kamar ana sara.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na gano! Alhamdu lillahi. Na tura dunƙulen dalma ta cikin bututun na auna, na kuma auna bakin ramukan gangar da ke juyawa. Ramukan sun fi bututun ƙunci. Ashe harsashin tun kafin ya shiga bututu an matse shi ya ƙanƙance, sai ya riƙa rawa a ciki, wuta na wucewa ta gefensa tana narkar da shi. Na kamfani yana da rigar jan ƙarfe, shi ya sa bai damu ba.

Na kira Abu Shakir na ce sai an ɗan buɗa ramukan. Ya ce bindigar yayansa ce marigayi, kuma ƙarfen da aka cire ba ya komawa. Na ce na sani. Ya ce, "Ala mas'uliyyatak." Wato a wuyana.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na buɗa su duka shida, a hankali, ina yi ina aunawa. Aikin ya yi kyau, ko mahaifina da ya tashe ni a maƙera a Funtuwa da zai ce ya yi. Sai dai sau biyu ƙarfen aikin yana suɓuce mini. Gumi ne.

Asabar, 21 ga Satumba

Bututun tas, ko ɗigon dalma babu. Amma harbin yana nan a warwatse.

Innalillahi. Na taɓa bindigar mamaci a banza.

Litinin, 23 ga Satumba

Hutun ranar ƙasa, garin duk kore, yara na ta yawo da tutoci a unguwar Ulaisha. Ni ina ɗakin zubi. Na canza maiƙo. Na ƙara matse bakin kwanso don kada harsashi ya zame idan bindiga ta yi tsalle. Na rage albarushi, na mayar. Na ware harsasai ɗaya bayan ɗaya a kan sikeli, duk wanda ya bambanta na mayar da shi tukunya. Na duba saiti, na duba kunama, na duba ko ganga na tsayawa daidai da bututu. Komai daidai yake. Komai. To mene ne?

Idan aka buga mini khuruj niha'i, fita ba dawowa, ina zan nufa? Rekiya za ta iya zama da kwantiraginta, amma Hanan a kan iƙamata take. Ko in rabu da su duka, ko in raba uwa da 'ya. Ya Allah.

Bakina ɗanɗanon ƙarfe yake yi, ko shayi ba ya mini daɗi.

Laraba, 25 ga Satumba

Abu Shakir ya turo saƙo: "Esh sar?" Wato me ake ciki. Ban amsa ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Nafiou, mutumin Maraɗi da ke kula da filin harbi, ya daɗe yana tsaye a bayana ina gwaji. Tsohon soja ne, ba mai yawan magana ba. Da na ƙare ya ce, "Malam Maulud, ba ni ita in gani." Na ji haushi, amma na miƙa masa. Harsashin nan dai nawa, buhun yashin nan dai, nisan nan dai.

Shida ya harba. Da muka je duba takardar, tafin hannun Hanan zai rufe su duka.

Na ce sa'a ce. Ya sake. Haka dai.

Ya ajiye bindigar, ya ce in miƙe hannuna. Na miƙe. Yatsuna suna karkarwa kamar ganyen darbejiya, wuyan hannun kuma yana son lanƙwashewa ƙasa. Ya ce, "Na jima ina gani. Na zaci ka sani." Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Ya ce ba zai faɗa ba, amma shi ma ba zai ƙara shiga ɗakin zubin nan ba, kuma ni ma bai kamata in shiga ba.

Ashe tun ranar da na buɗa ramukan nan bindigar ta warke. Ni ne.

Juma'a, 27 ga Satumba

Mai gyaran bindiga da hannunsa ke rawa. Wa zai riƙe shi?

Lahadi, 29 ga Satumba

Kofi ya faɗi daga hannuna da safe, a gaban Rekiya. Ta kalli kofin, ta kalle ni. Ta kama haɓata ta ce in buɗe baki, ta ɗaga leɓena ta duba dasashina kusa da taga. Na ga fuskarta ta canza.

"Tun yaushe kake narka dalma a rufe?"

Na faɗa mata. Ta tambayi ciwon cikin, ciwon kan, wahalar bayan gida, duk abin da na zaci na ɓoye. Sannan ta tambayi abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba. "Da wane kaya kake dawowa gida?"

Da kayan aiki mana. Kuma wa ke rugowa ta rungume ƙafafuna tun daga bakin ƙofa, ta tura fuska cikin wandona? Wa ke cusa hannu a aljihuna tana neman alawa, sannan ta kai baki?

Rekiya ba ta yi kuka ba. Ta kwashe kayana ta ɗaure a leda, ta hau goge gidan tun daga ƙofa. Na ɗauki tsumma zan taya ta, ta ce in ajiye.

Talata, 1 ga Oktoba

An ɗebi jinina, an ɗebi na Hanan. Ta yi ihu, "Ma abi, ma abi, ba na so, Baba!" Ni na riƙe ta. Da wannan hannun.

Allah, komai ne ka ɗora mini shi. Iƙamar ma su karɓe. Ita dai.

Laraba, 2 ga Oktoba

Babu labari. Rekiya tana magana da ni a kan abinci da makaranta kawai.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Dakta Salmanu, ɗan Kano ne da ke asibitin su Rekiya, ya zaunar da mu. Ya fara da na Hanan don ya ga ba na jin komai. Akwai dalma a jininta, ta ɗan haura yadda ake so, amma ba ta kai ga magani ba. A tsaftace gida, a kula da abincinta, a sake gwaji nan gaba. Nawa kuwa ya girgiza kai. Zan sha magani, kuma ba ni ba tukunyar dalma sai abin da hali ya yi. Na tambaye shi hannun fa? Ya ce sau da yawa yana dawowa, amma ba zai yi mini alkawari ba.

A mota Rekiya ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ta riƙe tun Lahadi. Na kasa tayar da motar.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na je wurin Abu Shakir a istiraharsa, gidan shaƙatawarsa. Na tafi da takardun harbin guda biyu, tawa da ta Nafiou, na shimfiɗa masa a kan darduma. Na ce wannan harsashina ne, wannan ma harsashina ne, bindigarka lafiya lau take, ni ne ba lafiya. Na faɗa masa batun fanka, na faɗa masa ni na riƙa rufe ƙofa. Na faɗa masa batun Hanan.

Ya daɗe yana kallon takardun. Ya zuba mini gahawa, na karɓa da hannu biyu don kada ta zube. Ya gani, ya kau da kai.

"Wal bint? Yarinyar fa?"

Na ce da sauƙi. Ya ce alhamdu lillah har sau uku. Ya ɗaga waya ya wanke mudir tas a gabana a kan fankar. Amma batun iƙama bai ce uffan ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Ya ce kawai, "Ba'ad al-gasa," wato bayan gasa, yana haɗa Larabci da kalmar da ya tsinta a bakina.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Maganin nan yana tayar mini da zuciya. An rufe ɗakin zubi. Harsasan da na riga na zuba sun isa gasar. Ina zaune a bayan kanta ina miƙa wa mutane abin toshe kunne.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun je Aziziya sayen lemo da alayyafo, Dakta ya ce suna da amfani ga Hanan. Ta hau wuyana a kasuwar. Ta daina ɓuya idan na shigo.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na uku ya zo. Abu Shakir, da libarbar yayansa, da harsashina. Ya rungume ni a gaban mutane, ya ce an kawo sabuwar fanka daga waje, zai sabunta mini iƙama, da zarar Dakta ya yarda in koma. Na yi godiya. Na yi ta godiya.

Abin da na yi wata biyu ina roƙon Allah ke nan. Na dawo gida ban faɗa wa Rekiya ba sai da ta tambaya.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Jiya mudir ya ba ni makullin ɗakin zubi in duba yadda aka kafa fankar. Na buɗe, na tsaya a bakin ƙofa na duba daga nan. An kafa ta daidai. Na rufe na mayar masa.

Yau bayan masallaci Dakta Salmanu ya ce wani abokinsa na da wurin gyaran kayan aikin asibiti, gadaje da kekuna da almakasan tiyata, suna neman mai hannu a ƙarfe, kuma za su iya karɓar kafalata daga hannun Abu Shakir. Ya ce in leƙa ranar Lahadi da safe. Na ce masa ni mai gyaran bindiga ne, shekara goma sha ina wannan aikin, kuma Abu Shakir ya yi mini halacci.

Ban ce zan je ba. Rekiya ta ga ina goge baƙin takalmina, ta tambaya ko ta goge mini farar riga. Na ce ta goge, ai ba a rasa inda za a sa ta.