Wasiƙar kakar Hannah

Daren Laraba, Germantown

Na kasa barci. Jibi zan tsaya gaban aji in gabatar da aikina a kan hijirar mabiya ɗariƙar Mormon zuwa yammacin Amurka, ni da ko sunana aka kira sai muryata ta hau rawa.

Saboda Hannah na zaɓi batun. 'Yar Mormon ce, kuma ita kaɗai ce ƙawata a makarantar nan. Ta ba ni labarin kakar kakanninta da ta tura amalanke cikin ƙanƙara tare da mijinta, har ya cika a hannunta. Na sha kuka, don ya fi duk littattafan soyayyar da ke ƙarƙashin katifata.

Amma malamin tarihi ya ce labarin baka bai isa ba, sai da takardar zamanin. Yau a laburare na samo hoton wasiƙar matar, da rubutun hannunta. Mijin bai mutu ba. Guduwa ya yi, ya bar ta da jariri a tsakiyar hanya.

Na gaya wa Mama tana shirin tafiya aiki asibiti. Ta ce, "Ke Rifkatu, gaskiya dai gaskiya ce, amma ba a kwance wa mutum zane a kasuwa."

In na ɓoye, na yi ƙarya. In na karanta a aji, da wa zan riƙa cin abincin rana? Gobe a bas zan nuna wa Hannah wasiƙar tun kafin kowa ya ji. Ubangiji, ka sa kada ta tashi ta canza kujera.