Liman a Sahun Baya

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Jini kuma a fitsari. Na yi tsarki, na ja Asuba, muryata ko rawa ba ta yi ba. Tun da aka ba ni limancin unguwarmu a Roni ban taɓa fashi ba. Matata Dela ta ga tabo a wandona. "Malam, wannan ya wuce tsargiya." Na ce ta yi shiru.

Alhamis, 19 ga Satumba
Asibitin Kazaure sun tura ni Kano. Hoto, sannan 'yar kyamara ta hanyar fitsari. Ba zan rubuta yadda aka yi ba. Ban dai yi ko tari ba.

Talata, 1 ga Oktoba
Likita ya zana mini: wani aljihu ne ya ɓullo a jikin mafitsara, fitsari na kwana a ciki, can wani tsiro ya fito. Ɗan naman da suka gutsura ya nuna ciwon daji ne. "Baba, bangon aljihun ba shi da kauri. In muka jira, zai huda ya bazu." Dela na kuka. Na ce, "To yanke shi mana." Sai da ya ɗago ya dube ni.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Sun cire aljihun da abin da ke cikinsa. Na riga kowa a ɗakinmu na asibiti miƙewa tsaye.

Laraba, 23 ga Oktoba
Gida, da robar fitsari da jakarta a ƙarƙashin riga. Ba zan shige gaban mutane da wannan ba. Na'ibina Malam Muhammad Sani ke jan salla, ni ina can ƙarshen sahu a kan kujera. Jan karatu gare shi kamar ba za a gama ba. Sau biyu na kusa yi masa gyara.

Juma'a, 6 ga Disamba
An cire robar tuni. Likita ya ce ba su ga saura ba, amma zan riƙa komawa ana leƙawa. Alhamdu lillahi.

Da Magariba Malam Sani ya ja da baya. "Bismilla, Allah gafarta Malam." Na ce maƙogwarona bai saki ba tukuna, ya shiga.

Lafiyar maƙogwarona ƙalau. A baya na tsaya, kusa da tsoho Abu mai gyaran keke, wanda ashe kuka yake yi a kowace sujada. Karatun Malam Sani ba laifi.