Ranar Jiƙa Masussuka

Rugar kan dutse, 16 ga Yuli

Zuwa ga Baban Firuz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da gida da gona. Mu nan lafiya lau, sai sanyin safe da ya fara cin yatsu. Jar saniyar nan ta haihu, mace. Na ba tsoho Boboƙul man shanu tulu biyu ya ɗora wa jakinsa. Ka sa shi a ɗakin ƙasa, kada ka bar shi a taga kamar bara.

Matan da suka hawo makon nan sun cika mini kunne. Wai masussukar gari ta zama tashar mota. Wai Turawan nan masu yawo da ɗaki a bayan mota, waɗanda kuke kira kunkuraye, sun kai goma sha ɗaya a kanta, har da igiyar shanya. Da muka hawo da shanu a watan Yuni guda ɗaya na bari, na ce baƙo ne, gobe zai wuce. Ashe ƙwai ya zo sakawa.

Wai kuma ƙanwata Zebo ce uwar masaukinsu, safe da yamma tana ɗauke da farantin gurasa da shayi, sunanta har cikin wayoyinsu. Wannan bai ba ni mamaki ba, tun tana ƙarama Zebo ba ta ganin taro ta wuce. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne wai kai ma kullum kana can a kan kujerar naɗewa, da hular Sallah, kana kurɓar gahawa kana yi musu tafinta. Shekara ashirin da shida muna tare ban taɓa jin kana son gahawa ba.

Kai ne mai rabon ruwan garinmu Sangdara, ba sai na tuna maka ba. Kafin girbi sai an jiƙa masussuka, an watsa ƙaiƙayi, an daɓe, an bar ta ta bushe kwana goma. Alkamar gida talatin a kanta za a tattake, ba mu da wata. Yaushe za ku yi, ko a ƙarƙashin motocin za a kora shanun?

Ka gaida maƙwabta. Allah ya sa mu ga juna lafiya.

Matarka,
Sabohat

Sangdara, 22 ga Yuli

Zuwa ga Maman Firuz,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, man shanu ya iso, yana ɗakin ƙasa. Ina lafiya, alkama ta fara nuna ta gefen rana.

A matsayina na tsohon malamin makaranta dole in gyara miki: goma sha huɗu ne, ba sha ɗaya ba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Duk kwarin nan babu inda mutum zai ajiye kofin shayi bai zube ba sai masussuka, su kuma ba sa iya barci a mota mai karkata. Na farkon ya sa wurin a taswirar waya, sauran suka biyo. Yau ɗaya ya tafi, gobe biyu su zo.

An yi taro a masallaci bayan Juma'a. Maƙwabcinmu Hikmat ya yi ta ɗaga murya, kuma yana da gaskiya, don wani ya juye tukunyar bayan gidansa a magudanar da iyalin Hikmat ke ɗiba. Karen wani ya kori awaki har ɗaya ta karye. Kowa ya ce a kore su. Da na ce to wa zai je ya faɗa musu, sai kowa ya shiga kallon darduma. Sun riga sun ci gurasar garin nan, wa zai buɗe baki ya ce wa baƙo tashi ka tafi? A ƙarshe ni aka sa na rubuta allo da Rashanci da ɗan Turancina, cewa nan wurin sussuka ne. Sun ji daɗinsa ƙwarai, kowa ya tsaya gefensa an ɗauke shi hoto.

Maganar gahawa kuwa sau uku ne kacal, kuma ɗaci gare ta. Hular, ta kullum ce ta yage. Zebo kuma kada ki ga laifinta, alheri take yi. Akwai wata tsohuwar Bajamushiya mai suna Renate, ta ce ta ratsa ƙasa goma sha bakwai ba ta ci gurasa irin ta Zebo ba. Na san za ki ji daɗin wannan, tunda 'yar'uwarki ce.

Allah ya tsare ku da dabbobin. Wassalam.

Mijinki,
Nurullo

Rugar kan dutse, 29 ga Yuli

Zebo,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ko da yake na ji lafiyar har ta yi miki yawa.

Barka da zama sananniya a ƙasa goma sha bakwai. Da Bajamushiyar ta yaba, kin gaya mata wa ya riƙe hannunki a bakin tanderu kina kuka wai wuta na cin gashinki? Kin gaya mata tsamin ƙullun da kike kwaɓawa na Inna ne, ni ta bar wa, ni na tsakura miki ranar da kika tare? An ce ma a babban farantin Inna mai shuɗin baki kike kai musu, wanda kika ara da Sallah kika manta hanyar gidana.

Ba zan ɓoye miki ba, haushi nake ji, kuma kishi ne, ba wani abu ba. Kowane rani ni ce a kan dutsen nan, da shanuna da naki, ina tatsa har hannuna ya tsage, ina kwana da warin hayaƙin kashin shanu. Babu wanda ya taɓa hawowa ya ɗauke ni hoto. Ke kina ƙasa kina gwada murmushi, mijina na yi miki tafinta, har ya zauna ya rubuto mini yabonki da hannunsa. Haka muke tun muna yara, ni in share tsakar gida, baƙi su shigo su ce kai, yarinyar nan Zebo akwai fara'a.

Duk wannan tsakanina da ke ne. Amma masussuka ta gari ce. Farantinki ne ya ɗaure bakin dattawa. Ki ajiye shi, in har kina son mu ci tuwon alkama bana.

Man shanunki na wurin Boboƙul.

Yayarki,
Sabohat

Sangdara, 5 ga Agusta

Apa, yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Na gaishe ki, na gaida jar saniya da 'yarta. Takardarki ta zo da zafinta, sai da na sa tsumma na riƙe.

Farantin zan mayar, bai fashe ba. Tsamin kuma na gaya wa Renate naki ne, wallahi na gaya mata, sunanki ne ya fi ƙarfin harshenta. Mijinki kuwa ki kwantar da hankali. Tun da ya ga kin aiko mini takarda shi ko layi ɗaya babu, ya gane, ya daina bi ta ƙofata. Jiya na gaishe shi a hanya ya amsa wa bango.

Apa, kina cewa murmushi. Shekara shida ke nan mijina Saidmurod yana Rasha, sai murya a waya in na hau tudun maƙabarta na samu layi. Gidan nan shiru ne, ni da kaji. Mutanen nan suka zo suka ƙwanƙwasa, suka zauna a ɗakina suna ci suna lumshe ido. Na ji daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba.

Amma ni ma alkamata na gona, kuma ba kurma ba ce ni. Shekaranjiya na ja hannun Renate na kai ta gonar Hikmat, na murza mata zangarniya a tafi. Na dawo da ita masussuka na yi ta zagayawa ina kwaikwayon kukan shanu, har ta gane. Sauran muka ƙarasa da wayarta mai fassara. Ta tara su duka, sha shida ne yanzu, sun yi ta surutunsu, suka amince. Ranar Asabar da safe za su sauka duka zuwa tsakuwar bakin kogi kusa da gada, ita kuma za ta rubuta a taswirar cewa ba a kwana a nan.

Ke kaɗai na gaya wa. Dattawa sun yi taro uku ba su motsa taya ɗaya ba. Ina so in tsaya a ƙofata ranar Asabar in ga fuskar Hikmat, in ji abin da matan bakin magudana za su ce kuma. Ki bar ni in ci wannan ɗaya.

Ki sauko da wuri, na yi kewar faɗanki.

Ƙanwarki,
Zebo

Ruga, Laraba

Baban Firuz,

Sallama. Muna lafiya. A gurguje nake rubutu.

Na yi tunani, kuma na samo muku mafita, tunda maza talatin sun kasa. Ba sai kowa ya ce wa baƙo tashi ba. Lokacin jiƙa masussuka ya yi, kai kuma aikinka ne. Ka ɗauki fartanyarka ka buɗe babbar magudana kamar kowace shekara, ka ma ƙara a kan na kowace shekara. In ruwa ya taɓa musu ƙafa da kansu za su naɗe kujerunsu. Babu wanda ya kori kowa, ruwa ne ya bi hanyarsa.

Ka yi shi jibi Juma'a bayan sallar asuba, rana ce mai albarka, kuma kwanakin bushewa sun matse. Kada ka shawarci kowa, za a mayar da shi taro na huɗu. Ka yi wannan, gari zai san wanda ya cece shi, ni ma zan san inda hankalinka yake.

Sai na ji daga gare ka.

Sabohat

Sangdara, 12 ga Agusta

Zuwa ga Maman Firuz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Na yi yadda kika ce. Ban yi tunanin nauyin motocin ba, kuma ya kamata in yi. Mu da ƙafa da kofato muke hawa masussuka in ta jiƙe, su kowace mota ta fi shanu goma. Kafin su farka yumɓun ya sha ruwa ya yi laushi. Suka tashi a firgice, kowa ya ta da inji lokaci guda. Tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa. Wasu ramukan sun kai gwiwa, sun huda yumɓun har tsakuwar ƙasa ta fito. Wata motar ta fasa cikinta a kan dutse, baƙin mai ya bi ruwan ya malale rabin fili. Sai da aka kira tarakta daga ƙauyen ƙasa ta ja su, ita kuma ta ƙarasa abin da ya rage.

Kin san yumɓun nan kakanninmu suka yi shekaru suna ɗaukowa a jaki daga bayan tsauni. Ba abin kwana goma ba ne. Alkama ta nuna, ta gefen rana har ta fara zuba. Mutanen ƙauyen ƙasa sun ce za su ara mana tasu in sun gama, wato tsakiyar Satumba, in ruwan kaka bai riga mu ba.

Ina tsaye cikin taɓo Zebo ta zo da gudu ba mayafi, Bajamushiyar na bayanta tana kuka. A nan na ji cewa washegari za su tashi. Kwana ɗaya, Maman Firuz.

An karɓi fartanyar rabon ruwa daga hannuna an ba Hikmat, ban yi musu ba. Ban da Zebo, ban ambaci takardarki ga kowa ba, ba kuma zan ambata ba. Abin da ya fi damuna Zebo ce. Mata sun ce ita ta jawo su tun farko, maganar Asabar kuma ƙirƙira ta yi don ta wanke kanta. Shekaranjiya ta aika gurasa gidan sunan jikan Hikmat, aka dawo mata da ita ko ɓallewa ba a yi ba. Tun ranar ba ta hura tanderu ba.

Ta ce ta rubuta miki. Na gaya mata takardunku saɓani suka yi, kin rufe taki kafin tata ta iso. Ita ma ta ce haka ne. Don haka kada ki sa wa ranki damuwa, ba ki sani ba.

Allah ya ba mu mafita. Wassalam.

Mijinki,
Nurullo

Rugar kan dutse, 13 ga Agusta

Zebo,

Assalamu alaikum, in za ki amsa.

Babu saɓanin da aka yi. Ranar da ya kawo takardarki Boboƙul ya zauna ya ci abinci, ya sha shayi buta biyu. Na karanta takardarki sau biyu a bayan bukka, na gan ki tsaye a ƙofarki ranar Asabar gari na yaba ki, sannan na nemi biro na rubuta wa Baban Firuz.

Gobe zan bar wa matan shanun in sauko da ƙafa. Bakin magudana zan fara zuwa, lokacin da suke wanki, in faɗa da bakina cewa ni na sa aka buɗe ruwan ina sane, sannan in je in faɗa wa Baban Firuz. Daga nan zan zo ƙofarki in tsaya. Ba sai kin buɗe ba.

Yayarki,
Sabohat