Tsumma a Cikin Makara

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma in ban faɗa miki ba, wa zan faɗa wa?

Gida lafiya. Mai garejin nan na unguwarmu Bracodi da ke Adjamé ya koma zuba baƙin mai a kwatarmu, in aka yi ruwa har ƙofar makarantar allo yake malala.

Kin tuna yadda kika hana shi a da? Kowace safiya ki fito da mu da tsintsiya, mu share gaban garejinsa, mu shimfiɗa tabarma mu zauna shiru. Kika hana zagi. Kika sa muna miƙa wa yaransa ruwan sanyi. Sai da kika bi gida-gida, har Madam Akissi mai sayar da aceke, dambun rogon nan, ta kawo matan cocinsu, 'yan ƙabilar Julawa ma suka zo. Kunya ce ta kama shi ya daina.

Wannan karon ɗanki Sani ne ya ja gaba. Ya ce zamanin tsintsiya ya wuce, yanzu abin da zai yaɗu a waya ake nema. Shi da abokansa suka ari makarar masallaci, suka naɗe tsumman gwanjo na kasuwar Black Market kamar gawar yaro, suka ɗauko zuwa gaban garejin suna salati. Yaya, da sauran yadin likkafaninki suka naɗe shi, wanda na ajiye a akwatina a unguwar Belleville, inda nake zaune yanzu. Ni da na wanke ki da hannuna, na gane yadin daga nesa.

Akissi ta yar da tirenta tana kuka, ta ɗauka ɗan wani ne ya faɗa kwata. Can makarar ta karkace, wani tsohon wando ya zubo ƙasa. Kanikawa suka bushe da dariya. Har yau ƙyama ba ta bar ni ba. Salati a kan tsumma? Wa zai sake yarda da hawayenmu a layin nan? Akissi ta tsince acekenta ɗaya bayan ɗaya, ta wuce ba ta dube mu ba. Bidiyon kuwa ya yaɗu, yadda Sani ya so.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ni ma zaman tabarmar nan ya sha gundurata, ina ganin kin cika sanyi. Kuma na faɗi haka a gaban Sani, bayan sadakar arba'in ɗinki. Da ya zo neman mabuɗin akwati, ban tambaye shi dalili ba. Allah Ya yafe mini.

Damina ta kusa, yara kuma ta bakin kwatar suke bi. Gobe zan tafi Adjamé da tsintsiyarki. Ƙofar Akissi zan fara sharewa, ko za ta amsa gaisuwata.

Yadin na wanke shi sau uku, amma ba zan sa wa kowa ba.

Allah Ya haskaka kabarinki.

Ƙanwarki,
Hadiza