Ƙorafi Kan Datse Bayanin Soke Ranar Tiyata da Ɗora Mini Laifin

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa na Asibiti

Daga:
Jami'ar Rubuta Bayanan Kayan Aiki, Sashen Kwamfuta

Kwanan wata: Litinin, 19 ga Mayu, 2025

Game da: Dakatar da ni daga aiki bisa bayanin da ba haka na rubuta shi ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa cikin ladabi da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana. An dakatar da ni ranar 12 ga Mayu, an kuma ba ni wa'adin Juma'a, 23 ga wata, in sa hannu cewa sakacina ne ya jawo abin da ya faru, ko in rasa aikina. Ga yadda lamarin yake.

1. Kamar yadda Mai Girma ya sani, asibiti yana da mataimakin na'ura da ke amsa saƙonnin marasa lafiya, wanda ma'aikata ke kira Ɗan'aike. Yana iya ɗage wa mutum rana, yana iya soke ta. Amma bai san komai game da waɗannan ayyuka ba sai abin da aka rubuta masa a bayanin kowannensu. Rubuta bayanan nan shi ne aikina.

2. A bayanin soke ranar tiyata na rubuta cewa sokewa ba ta warwaruwa, wanda aka soke wa yana komawa ƙarshen layi, kuma idan mutum canjin rana yake so, a yi amfani da aikin ɗagewa. Na ƙara da cewa kada a soke sai an sake tambayar mai ranar.

3. Al'adar sashenmu wajen tantance bayani ita ce kowace Alhamis a taru a ƙaramin ɗakin taro na bayan ɗakin ajiyar magani, Shugaban Tantancewa ya karanta da ƙarfi, sannan duk wanda ya gane ya ɗaga hannu. Su wa ke zaune a wurin? Injiniyoyin da suka gina kayan da hannunsu. Ko an karanta musu farar takarda ai za su gane! Shi Ɗan'aike da aka rubuta dominsa, ba a taɓa gwada bayani a kansa ba ko sau ɗaya. Na yi magana a kai har bakina ya gaji.

4. Ranar 3 ga Afrilu aka karanta nawa. Shugaban Tantancewa, wanda ba a banza ake ce masa Almakashi ba, ya yi hamma a tsakiyar karatun, ya ce huɗuba na rubuto, aka yi dariya. Nan take ya datse shi ya koma layi ɗaya, wai aikin yana sauya matsayin ranar majiyyaci. Hannuwa suka tashi, ban da nawa. Na nemi a rubuta cewa ban amince ba, aka ce lokacin cin abinci ya yi. Sunana kuwa aka bar shi a ƙasan layin.

5. Ranar 6 ga Mayu wani dattijo tela ya zo aikin ido, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. A baya ta roƙi Ɗan'aike ya matsar musu daga Litinin zuwa Talata, shi kuma ya duba layin nan da ba ya bambance ɗagewa da sokewa, ya soke. Ina saukowa daga bene na same su a teburin karɓar baƙi. Baban nan bai karya ba tun safe saboda tiyata, yana ta lalube cikin aljihu yana neman katinsa, 'yar tana nuna wa ma'aikaciya saƙon waya tana kuka. Watanni ya yi yana jiran ranar, da idon yake zura zare a allura. Wallahi na kasa haɗa ido da yarinyar. Daga baya aka gano ba shi kaɗai ba ne.

6. Da bincike ya tashi, Shugaban Tantancewa da kansa aka ba shi jagoranci. Ya duba ƙasan layin, ya ga sunana, bincike ya ƙare. Waɗanda suka yi dariya ranar nan yanzu sai su sunkuyar da kai idan mun haɗu a bakin ƙofa. Raina a ɓace yake, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba. An yanke mini aiki a gaban idona, an mayar da ni abin dariya, yanzu kuma ana so a shafa mini kashin kaji.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya ba da umarni a ɗora wa Ɗan'aike bayanina na asali da kuma datsattsen, a ba shi saƙon 'yar telan a kan kowanne, a gaban wanda ba ɗan sashenmu ba. Abin da ya fito na yarda da shi. Ina roƙon a daina tantance bayani da ɗaga hannu, a mayar wa dattijon da sauran mutanen ranakunsu, a kuma janye dakatarwar da aka yi mini.

Ni ke riƙe da mahaifiyata da 'ya'yana biyu, kuma ba ni da wani aikin da ke jirana. Na san abin da Juma'a za ta jawo mini. Duk da haka takardar amsa laifin tana nan a kan teburin sakatare yadda aka ba ni ita, kuma haka za ta tsaya. Wannan wasiƙar kaɗai zan sa wa hannu.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya yi masa jagora wajen adalci.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Jami'ar Rubuta Bayanan Kayan Aiki